Tsohuwar Kombi mai ɗakin kwana a bayan gida: asalinta da abin da ya rage a jikinta

Tambaya: Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar wata tsohuwar Volkswagen Kombi a bayan gidanmu na Nassarawa a nan Kano. A cikinta akwai gado da kabad da ɗan wurin girki, rufinta kuma ana iya ɗaga shi ta gaba. Sitiyarinta a hagu yake, lambar shasinta ta fara da 235, lambar injin kuma ta fara da AS. A gida ana cewa daga hannun wasu Turawa da suka keto Sahara ya saye ta. Ta yi shekara da shekaru ba a tayar da ita ba. Makanikina ya ce a sa mata batir a gwada, idan ta ƙi tashi a cire injin a sa na Golf. Ina so in san asalinta, in kuma san ko ta cancanci gyara.

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kyautata namu zuwan. Kafin komai, ina roƙonka ka hana a sa mata batir, ka kuma hana kowa cire ko da ƙusa ɗaya daga kayan katakon da ke cikinta, har sai ka gama karanta wannan bayani. A irin wannan mota inji shi ne abu mafi sauƙin samu da sauƙin gyara, bodi da kayan ɗakin kuwa su ne dukiyar, kuma su ne idan suka lalace ba a samun madadinsu a Ƙofar Ruwa ko a Sabon Gari komai kuɗin da mutum ya riƙo.

Lambobin da ka kawo sun riga sun faɗi abu mai yawa. A tsarin da Volkswagen yake bi a wancan zamani, lambobi biyu na farko na shasi suna nuna nau'in motar: 21 motar kaya ce marar tagogi a baya, 22 ƙaramar bas ta fasinja, 23 kuwa ita ce Kombi, wadda aka yi ta yadda za a iya cire kujerunta a ɗauki kaya, kuma ita ce aka fi mayarwa ɗakin kwana. Lamba ta uku shekarar ƙira ce, don haka 5 ɗin nan tana nufin ƙirar 1975. Sai dai shekarar ƙira a wurinsu daga watan Agusta take farawa, wato motarku ta fito daga masana'anta tsakanin Agustan 1974 da Yulin 1975. Haruffan AS kuma suna nuna inji ne mai cc 1600 da ƙarfin doki 50, wanda ya dace da wannan shekara, kuma wannan alama ce mai kyau cewa ba a taɓa sauya mata inji da na wani zamani ba. Ka duba lambar shasin a wurare biyu, a kan farantin ƙarfen da aka maƙala mata da kuma wadda aka buga a jikin ƙarfe a cikin ɗakin inji, ka tabbatar sun yi daidai da juna da kuma abin da ke cikin takardu. Akwai wani ƙaramin faranti na daban da ake kira M-plate, wanda yake ɗauke da lambobin launin fentinta na asali, da ƙasar da aka nufa da ita, da ƙarin kayan da aka sa mata a masana'anta. Kamfanin Volkswagen yana bayar da takardar shaidar ƙira ga wanda ya aika da lambar shasi ya biya kuɗi, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi a kan ranar da aka gama motar da inda aka fara kai ta.

Asalin wannan zuri'a ta motoci ya koma shekarar 1947, lokacin da wani dillalin Volkswagen ɗan ƙasar Holan mai suna Ben Pon ya zana siffar akwati a kan ƙafafun Beetle, ƙaramar motar Volkswagen mai siffar kunkuru, direba a can gaba, inji a can baya, kaya a tsakiya. An fara ƙera ta a Wolfsburg a watan Maris na 1950, aka mayar da aikin Hanover a 1956. Zubin farko shi ne mai gilashin gaba rabe biyu, wanda aka yi a Jamus har 1967. Taku zubi na biyu ce, mai gilashin gaba guda ɗaya mai lanƙwasa, wadda aka yi a Jamus daga 1967 zuwa 1979, aka kuma ci gaba da yin irinta a Brazil har ƙarshen 2013. Wannan daɗewa ta Brazil ita ce ta sa har yau ana ƙera kayan gyaran injinta sababbi, abin da zai yi maka amfani ƙwarai nan gaba.

A cikin zubi na biyun ma akwai na farko da na baya, kuma taku tana cikin na baya, waɗanda suka fi dacewa da mai son hawa ba mai son ajiyewa yana kallo ba. Daga ƙirar 1971 aka sa birkin faranti a ƙafafun gaba, daga 1972 aka ƙara girman fitilun baya, daga 1973 kuma aka ɗaga siginar gaba zuwa sama kusa da ragar shan iska, aka ƙarfafa ƙarfen da ke bayan bamba domin rage illar karo. Idan siginar taku a sama take, to jikinta ya gaskata lambarta.

Maganar ɗakin kwanan kuwa, a wancan zamani ba Volkswagen ne yake yin sa da hannunsa ba. Yana ƙera motar ne ya miƙa wa kamfanin Westfalia da ke Wiedenbrück a Jamus, wanda ya fara wannan aiki a 1951 da wani akwatin katako da ake sakawa a ƙarshen mako a cire ranar aiki, daga baya ya koma yin cikakken ɗaki mai gado da kabad da wurin wanke kwano da rufi mai ɗagawa. A lokacin a Ingila akwai wasu kamfanoni masu irin wannan aiki, kamar Dormobile da Devon da Danbury, amma yawancin nasu sitiyarinsu a dama yake, kuma rufin Dormobile a gefe yake maƙale, ta gefe yake buɗewa. Yadda ka kwatanta rufin taku, yana tashi ta gaba yana maƙale ta baya, shi ne tsarin Westfalia daga ƙirar 1974 zuwa gaba. Kafin nan ta baya yake tashi. Idan a saman kan direba akwai wani wuri mai zurfi na faiba don ɗora kaya, tagogin gefe kuma masu gilashi jere-jere ne irin na tagogin gidajen da, kujerun da yadi mai zanen murabba'i, to kusan babu shakka aikinsu ne. Ka nemi farantinsu a kusa da gindin kujerun gaba. Dalilin da ya sa na tsaya a kan wannan shi ne, akwai bambanci mai girma tsakanin Kombin da Westfalia ya shirya da wadda wani kafinta ya yi wa kabad daga baya, ko da kafintan ya iya aiki. Ta farko tarihi ce mai shaida, masu tara tsofaffin motoci suna nemanta. Ta biyu tsohuwar bas ce mai katako a ciki.

Labarin Turawan da suka keto Sahara ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya san Kano a shekarun 1970 da 1980. Hanyar ta taso ne daga Aljiyas, ta bi ta Gardaya da In Salah zuwa Tamanrasset, daga nan kwalta ta ƙare, sai rairayi da duwatsu har In Gezzam da Assamaka, sannan Arlit da Agadas da Damagaram, a shigo Kano. Kano ita ce babban birni na farko da matafiyi yake samun banki da kayan gyara da filin jirgin sama bayan wahalar hamada, kuma masu irin waɗannan motoci sukan yada zango a masaukin 'yan yawon buɗe ido na jiha da ke kan titin Bompai. Da yawa daga cikinsu kuɗi ko haƙuri yakan ƙare musu a nan, su sayar da mota su hau jirgi. Kombi ta yi suna a wannan hanya saboda nauyin injinta yana kan ƙafafun baya masu ja, cikinta yana da tsayi daga ƙasa, kuma ba ta da lagireto da zai tafasa ko ya huje. Zirga-zirgar ta mutu a farkon shekarun 1990 sakamakon rikicin Aljeriya da tawayen Abzinawa a arewacin Nijar.

To amma yiwuwar labari daban, tabbatarsa daban. Kombi ta shigo Najeriya ta hanyoyi da yawa: ta hannun dillalai, ta hannun ma'aikatan mishan da malaman jami'a da injiniyoyin ƙasashen waje, sannan masana'antar Volkswagen da ke Ojo a Legas, wadda ta fara aiki a 1975, ta harhaɗa Beetle da Kombi a cikin gida. Sitiyarin hagu bai raba gardama ba, domin tun ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma kusan duk motar da aka kawo bayan nan mai sitiyarin hagu ce. Abin da zai raba gardamar yana jikin motar. Wadda ta keto hamada takan zo da farantin ƙarfe a ƙarƙashin ciki don kare ta daga duwatsu, da wurin ɗaura jarkokin mai da ruwa, da ramukan ƙusa a gefe inda aka rataya tsanin fita daga rairayi, da safaya a kan hancinta, wani lokaci da alamar ƙasa mai siffar ƙwai a baya, D ta Jamus ko CH ta Suwizalan ko NL ta Holan. Ka kuma bincika akwatunan takardun marigayi. Matafiyan nan da takardar shigowa ta wucin gadi suke shigo da mota, saboda haka sai an biya kuɗin kwastan kafin a yi mata rajista a nan, kuma wannan rasit, idan ya samu, ya fi duk wani labarin baka daraja. Tun da kuma motar tana cikin abin da marigayi ya bari, ka tabbatar an yi mata ƙima an fitar da haƙƙin sauran magada kafin ka zuba mata kuɗi, domin motar da kowa yake gani tarkace a yau, ranar da ta yi fenti za a tuna cewa ta gado ce.

Yanzu sai maganar halin da take ciki, kuma daga ƙasa ake farawa. Bodin Kombi a walde yake da shasinta, ba a kwance shi a ɗaga kamar na Beetle, don haka tsatsar da ta ci ƙasanta ta ci ƙashin bayanta ne. A nan Kano tana da sa'a guda babba. Abin da yake kashe waɗannan motoci a Turai shi ne gishirin da ake watsawa a tituna lokacin ƙanƙara, motar da ta bar can tana da ƙuruciya ta zauna a busasshiyar ƙasa irin tamu kuwa sau da yawa cikinta ya fi na takwarorinta na Jamus lafiya nesa ba kusa ba. Amma wannan sa'a tana da sharaɗi. Idan a kan siminti take ƙarƙashin rumfa, ina sa ran alheri. Idan kuwa a kan turɓaya take, tayoyi sun sace ta zauna da cikinta, ga bishiya tana zuba mata ganye, to damina bayan damina ta yi aikin da gishiri bai yi ba. Rana takan busar da robar gilashi ta tsage, ruwan Agusta ya bi ta nan ya sauka ƙarƙashin gilashin gaba ya taru a inda direba yake sa ƙafa, ganye kuma ya toshe magudanar da ke zagaye da rufi ya riƙe laima.

Ka sa a ja ta, ba a tayar ba, zuwa inda akwai rami, ko a ɗaga ta a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi, ban da jak ɗinta na asali, domin wuraren da ake soka shi suna cikin waɗanda suke fara ruɓewa. Ka shiga da tocila da sukundireba da kanka. Ka bi dogayen ƙarafa biyu da suka tafi daga gaba zuwa baya, da ƙananan da suka fita daga jikinsu zuwa gefe, da dokin ƙofa na kowane ɓangare, musamman ƙarƙashin ƙofar da ake ja, da bakin ramukan taya, da matakin shiga gaba, da wurin zaman batir a kusurwar ɗakin inji, inda ruwan batir yake cin ƙarfe ko babu damina. Jan tsatsa na sama wanda sukundireba yake karcewa ya tarar da ƙarfe mai ƙara ba abin damuwa ba ne. Wanda yake ɓarewa fallai-fallai, ko sukundireba ya shige, shi ne aikin walda. Ka ba da lokaci ga ƙatuwar gatarin gaba, bututu biyu da ke ɗauke da ƙafafun gaba, domin takan ruɓe daga ciki ta gefunanta, da kuma wurin da akwatin sitiyari yake ɗaure da shasi. Waɗannan biyun su ne maganar rai. A jikin bodi kuma ka bi da mayen ƙarfe a nannaɗe cikin ƙyalle: inda ya ƙi kamawa, fila ce aka cika aka shafe da fenti, kuma a nan ne mai saye yake yi wa rogo kallon kitse.

Hukuncina a taƙaice shi ne, idan dogayen ƙarafan nan biyu da gatarin gaba da wurin ɗaurin ƙafafun baya suna da lafiya, motar ta cancanci gyara ko da injin ya mutu murus. Idan sun ruɓe, gyaran yana yiwuwa, amma sai da mai walda da ya iya auna mota ya riƙe ta a miƙe yana yanka yana sauyawa, ba mai yin ƙofa da taga ba, kuma kwalliya ba lallai ta biya kuɗin sabulu ba.

Dalilin da ya sa na hana sa batir shi ne, injin da ya daɗe a tsaye bangon silindarsa ya bushe, mai yiwuwa ringi ya manne, baƙin man ya zama kwalta a ƙasa, fetur ɗin da ya rage a tanki ya zama danƙo. Murɗa makulli a wannan hali yana iya karya ringi ko ya karce silinda cikin daƙiƙa kaɗan. Mafi muni kuma shi ne gobara, wadda ita ce ajalin Kombi da yawa. Tankin mai yana gaban inji a sama da shi, tiyon roba ne yake kawo man, kuma idan tsohon tiyo ya tsage man zai ci gaba da zuba a kan inji ko an kashe shi. Ga shi kuma kwankwason injin 1600 an yi shi ne da ƙarfe mai haɗin maganiziyam, wanda idan ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi. Hanyar da ta dace ita ce a cire fulogi huɗun, a ɗiga mai a kowace silinda a bar shi ya kwana biyu, sannan a juya injin da hannu ta wurin fuli. Idan ya juya, a kama fulin a ja shi baya a tura gaba: motsin da aka yarda da shi bai kai kaurin takarda biyu ba, tsakanin milimita 0.07 da 0.13, don haka idan ka ji yana ƙwanƙwasa ko ka ga motsin da idonka, injin yana bukatar a sauke shi a buɗe. Bayan haka a zubar da tsohon baƙin mai, a wanke rariyar da ke ƙasa, domin wannan inji ba shi da filtar mai irin ta motocin yanzu, a zuba sabo lita biyu da rabi, a sauke tanki a wanke, a sauya kowane tiyon mai da maɗaurinsa, a wanke kafireto, a daidaita bawul a kan milimita 0.15 injin yana da sanyi, sannan a juya shi da batir ba tare da fulogi ba har fitilar mai ta mutu. Sai an yi duk wannan ake ba shi wuta, da abin kashe gobara a hannun wani yana tsaye.

Akwai wani abu da makanikan da suka taso a kan Golf da Toyota ba su saba da shi ba, kuma shi ne yake kashe wannan inji a zafin Kano. Iska ce take sanyaya shi. Fanka tana jan iska ta ragar da ke kusurwoyin baya na sama, gwangwanayen da suka lulluɓe injin suna bi da ita ta kan silinda, ta fita ta ƙasa da zafinta, robar da ta zagaye injin kuma tana hana wannan iska mai zafi komowa sama. Duk gwangwanin da aka cire aka yar don wai yana hana hannu shiga, duk tsagar da ke jikin robar nan, ƙofa ce da zafi yake komowa ta cikinta. Haka nan al'adar tafiya da murfin inji a buɗe don wai ya sha iska gyaran gangar Auzinawa ce, domin zafin salansa da ƙurar hanya yake jawowa ciki. A motar da ta daɗe a ajiye kuma, ɓeraye sukan yi sheƙa a cikin gidan fanka, su cika tsakanin silinda da tsumma da ciyawa, injin ya tashi lafiya lau ya ƙone a tafiyar farko zuwa Wudil. Dole a buɗe a duba. Ka kuma riƙe wannan: fambel ɗaya ne yake juya caja da fanka, saboda haka idan jar fitilar caji ta kama kana tafiya, tsayawa ake yi nan take, ba a cewa bari a ƙarasa gida.

Shawarar sa injin Golf ban goyi bayanta ba. Za a yanka bodi a nemi wurin lagireto, a ja bututun ruwa, a ƙera abin haɗa shi da giyabos, a ƙarshe ka samu motar da ba Kombi ba ce ba kuma Golf ba, wadda darajarta ta tarihi ta tafi. Injin 1600 ɗan'uwan na Beetle ne, fistin da silinda da bawul da boris duk ana samunsu sababbi daga waje, kuma har yanzu a Kano akwai dattawan makanikai da suka koyi aiki a kan Beetle. Irinsu za ka nema a Kwakwaci ko ta bakin tsofaffin masu kayan gyara na Ƙofar Ruwa. Idan aka haɗa shi daidai, ana sauya masa baƙin mai duk kilomita 5,000 ko ƙasa da haka a lokacin hunturu, ana duba bawul a kai a kai, zai yi maka hidima muddin ba ka nemi ya yi tseren da ba a yi shi dominsa ba. Idan tukunyar tace iskarta mai amfani da mai ce, kada a musanya ta da ƙaramar filta ta zamani mai ƙyalli, domin ta fi dacewa da ƙurarmu.

Birki ba ya bukatar dogon bincike, domin komai nasa na roba za a sauya: tiyo, da robobin masta, da na ƙafafu, da man birkin kansa, wanda yake shan laima yana sa tsatsa daga ciki. Tayoyi ma haka, ko da zanensu bai goge ba, kuma a sa masu ɗaukar nauyi, 185 R14 mai harafin C, ba na ƙaramar mota ba. Wayoyin lantarkinta kaɗan ne, mai rewaya mai haƙuri zai bi su ɗaya bayan ɗaya, matsalarsu yawanci cizon ɓera ne da tsatsar wurin da aka ɗaure su da bodi.

Kayan ɗakin su ne nake jin tsoro a kansu fiye da inji. Katakon Westfalia falle-falle ne da aka manne aka lulluɓe, kuma maƙiyansa a nan biyu ne, gara da laima. Ka ƙwanƙwasa gindin kowane kabad, ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka duba katakon da ke ƙarƙashinta, ka nemi hanyar ƙasa da gara take ginawa daga taya zuwa sama. Abin da ya lalace ma kada a yar da shi, a cire shi a hankali a ajiye, domin shi ne ma'aunin da kafinta zai bi ya yanka sabo, kuma maɗaurai da hannayen kabad da ƙarafan da suke mayar da kujerar baya gado duk a tsince su a adana. Tamfol ɗin rufi kusan tabbas ya mutu, wannan ba komai ba ne, ana sayar da sabo, masu ɗinkin rumfa ma za su iya kwaikwayonsa idan tsohon yana nan, har su sa masa ragar sauro mai kyau. Rufin faiba a wanke shi a duba tsaga a wuraren da yake maƙale, a sauya robar bakinsa. Tsohon bututun gas da abin daidaita shi kuwa a cire su gaba ɗaya a sa sababbi, kuma ko bayan gyara ba a girki a ciki ƙofa a rufe, ba a kuma kwana inji ko janareta yana aiki a kusa. Bututun da ke kawo iska mai ɗumi daga jikin salansa zuwa gaba, wanda Bature yake bukata mu ba mu cika bukata ba, idan ya huje hayaƙi yake shigowa da shi, saboda haka ko dai a gyara shi sosai ko a toshe shi sosai.

Game da kuɗi, za ka ji ana cewa irin waɗannan motoci suna tsada ƙwarai a Turai da Amurka. Gaskiya ne, amma manyan kuɗin da ake ambata na zubin farko ne mai gilashi rabe biyu, musamman mai tagogi 21 ko 23. Taku tana da daraja, kuma kasancewarta Westfalia mai injinta na asali yana ƙara mata, sai dai ba ta kai can ba. Idan dillali ya zo ya ce zai rage maka wahala ya ɗauke ta a kuɗin ƙarfe, kada ka saurare shi. Idan wani ya ce ka zama attajiri, shi ma haka. Fenti kuma shi ne abu na ƙarshe da za ka kashe wa kuɗi, bayan walda da birki da inji da robobin gilashi, kuma idan fentinta na asali yana nan ko da ya koɗe, a gwada wanke shi a goge kafin a yi maganar sabo, domin masu saye na gaske sun fi amincewa da tsohon fenti da ba ya ɓoye komai.

Idan ta tashi, ka san irin motar da ke hannunka. Ba ta da na'urar sanyaya ɗaki, tafiyarta mai daɗi ba ta wuce kilomita 80 zuwa 90 a awa, iskar tirela tana kaɗa ta, kuma tsakanin gwiwar direba da abin da ke gabansa babu inji, sai ƙarfen hanci. Ta dace da fita da iyali zuwa Tiga da rana, ko tafiya Yankari a lokacin sanyi a kwana a cikin harabar masauki, bayan an yi mata 'yan gajerun tafiye-tafiye a cikin gari an ga halinta. A watannin Maris zuwa Mayu ka riƙa fita da sassafe, ka tsaya ka ba injin hutu idan rana ta take. Kafin ta hau titi kuma ka sabunta rajista da inshora da takardar lafiyar mota, ka sa sunan wanda ta zama tasa bayan rabon gado, domin tsohuwar lambar da ke jikinta ba za ta wuce shingen farko ba. Ita tsohuwar lambar ka cire ta ka ajiye tare da rasit ɗin kwastan da sauran takardun marigayi.